Liƙin Gwaggo Yalwa a Tokyo

Tun da muka dawo daga Japan ban sha ruwa da daɗi ba. A makaranta malamai su tare ni a ofis, a gidan suna a ja ni ƙuryar ɗaki, har mai kawo mini itace sai da ya tsaya a zaure ya ce, "Malama Uwani, wai da gaske ɗanyen kifi suke ci?" Na gaji da maimaici, kuma na lura kowa in ya je gaba sai ya ƙara nasa gishirin. Shekaranjiya a motar Kabo na ji wata tana rantsuwa wai an kulle Gwaggona kwana uku a Tokyo, alhali ga ni zaune a bayanta. Ba a kulle kowa ba. Ga yadda aka yi, daga bakin wadda aka yi a gabanta.

Ni 'yar Gude ce, aure ya kawo ni Gwarzo, ina koyarwa a firamare. Matan garinmu Gude suna da ƙungiyar masu man kaɗe, ni ce mai yi musu rubutu. Uwar aikin kuwa ita ce Gwaggo Yalwa, ƙanwar mahaifina, wadda in ta taɓa mai da ɗan yatsa za ta faɗa maka ko an ƙona ƙwarar wajen suya. Akwai wata 'yar Japan da ta yi shekara biyu tana zuwa mana aikin gona, ta ji Hausa har da habaici. Ranar Juma'a ta fara zuwa, shi ya sa muka raɗa mata Jummai. Bayan ta koma gida sai ga wasiƙarta: wani kamfanin kayan kwalliya yana son ganin manmu da masu yin sa, zai ɗauki nauyin mutum biyu. A lokacin albashi sai ya yi wata biyu bai leƙo ba, kananzir ya zama sai wane da wane. Na karanta wasiƙar sau uku a tsaye, na ce abin nema ya samu.

Amma sai na faɗa muku halin da Gwaggo take ciki, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Gwaggo zabiya ce tun ban san kaina ba. Daga Gude har Kutama, bikin da ba ta je ba ana ganin sa kamar miya ba gishiri. Ranar bugun mai ma ita ke ba da waƙa, mata suna amshi, hannuwa suna tafiya tare cikin kwano har farin man ya taso. Da aka ƙaddamar da Shari'a, ɗanta na fari, Malam Sabi'u, malamin Islamiyya, ya shiga cikin masu zagawa suna nasiha a bar kiɗa a gidajen biki. Sai mutane suka fara ce masa ya fara da gidansu. Shi kuwa ɗan fari ne, Gwaggo ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaga ido ta dube shi, shi ma ba ya iya doguwar magana a gabanta. Ni ya aiko, tunda abokiyar wasansa ce. Ya ce in roƙar masa Inna ta bar zuwa gidajen biki. Na je na faɗa. Ta ce, "Gaya masa na bar waƙa."

Ta kuwa bari ɗungurungum. Wata goma sha huɗu ba wanda ya ji baiti ɗaya daga bakinta, ko a kan kwanon mai, ko wajen lallashin jika. Ta rame, ta zama mai saurin faɗa. Ni da na kai saƙon, abin yana ci na ƙwarai, don gani nake da hannuna na rufe mata baki.

Ranar tafiya Sabi'u ya rako mu tasha, ya ja ni gefe ya ce, "Uwani, amana ce fa." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in ma wani tsohon Bajapane ya nuna yana so sai na aiko masa ya zo ya karɓi sadaki. Ya ce bakina ne zai kai ni wuta. Motar da muka shiga mai ya ƙare mata kafin Rimin Gado, direba ya ɗauki galan ya tafi neman 'yan bumburutu, muka zauna gindin bishiya da fasfo a jaka kamar masu zuwa cin kasuwa. Gwaggo ta rungume gwangwanin mai a cinya, ba ta yarda an ɗora shi a saman mota ba.

Daga Kano jirgi ya kai mu Alƙahira, muka sake wani. Gwaggo ko Hajji ba ta je ba, wannan ne hawanta na farko. Da jirgin ya ɗaga ta damƙe mini hannu har sai da zobena ya shige nama, da ya daidaita kuma sai ta saki ta ce ai motar Kabo ta fi shi girgiza. Abin da ya dame ta rana ce. Mun yi Azahar ke nan, kafin mu ninke ɗankwali sai ga duhu a taga. Ta ce, "Uwani, garin da rana ma take gudu haka, mutanensa yaya za su kasance?" Ta faɗi gaskiya, don tunda muka sauka ban ga mai tafiyar nishaɗi ba.

A wajen kwastan aka saki wani ɗan kare ya bi jakunkuna yana shinshina. Ya zo kan tamu ya zauna daram. Gwaggo ta tattare zane tana salati kada ya taɓa ta. Ma'aikaci mai farar safar hannu ya buɗe jakar, ya zaro kilishin da muka yo guzuri, ya sunkuya, ya yi magana mai tsawo, ya sake sunkuyawa, ya tafi da shi. Daga baya Jummai ta ce haƙuri yake ba mu, doka ta hana shigo da nama. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ƙwace maka abu yana ba ka haƙuri ba sai ranar. Goro kuwa sai da suka juya shi ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin fitila kafin su maido. Da sun riƙe shi, na tabbata da a nan tafiyar ta ƙare.

Jummai na jiran mu a waje, ta rugo ta rungume Gwaggo tana cewa, "Inna, kin sha hanya." A gidan mahaifiyarta muka sauka, can bayan gari, tafiyar awa guda a jirgin ƙasa. Tsohuwar ta tarbe mu a bakin ƙofa ta sunkuya. Gwaggo ta durƙusa yadda ake yi. Tsohuwa ta ga haka sai ta zube gwiwa biyu, goshinta ya kusa taɓa ƙasa. Gwaggo ta zabura ta ce, "Jummai, ɗaga ta, kada ta yi mini sujada ta ja mini." Da aka zauna Gwaggo ta shiga gaisuwa, ina gida, ina yara, ina gajiya, ina sanyi, yaya muka same ku. Jummai ta juya ta faɗa wa uwarta kalma biyu ta yi shiru. Gwaggo ta ce, "Sauran fa? Cinye mini kika yi?"

Gidan ɗan mitsitsi ne, tas da shi. Takalmi a bakin ƙofa ake barin sa kamar namu, ƙasan ɗaki tabarma ce, a kanta ake ci, a kanta ake shimfiɗa. Gwaggo ta ce ashe kwana biyu muka yi a sama don mu zo mu kwana a tabarma. Banɗakinsu ne ya so ya ba ni kunya. Madannai ne a jere a gefe, na danna ɗaya don in gani, ruwa ya yo tsiri ya jiƙa mini riga har wuya. Gwaggo ba ta taɓa komai ba, butarta ta zo da ita daga Gude. Abinci kuwa, shinkafa fara mai danƙo ba miya a kai, da ɗan romo a ƙoƙo. Jummai ta tsaya tsayin daka ba alade, ba abin da giya ta taɓa. Aka kawo wani wake mai yauƙi da wari, wanda suka ce baƙi ba sa iya ci. Gwaggo ta shinshina ta ce, "Wannan ai daddawa ce ba ta ƙarasa ba," ta barbaɗa yajinta ta cinye. Tsohuwar gidan ta yi ta tafi don murna. Mai itace, amsarka: e, suna cin ɗanyen kifi, na ci yanka ɗaya, kuma ba zan ƙara ba.

A gidan nan talabijin tun safe yake kunne, wuta ba ta ko ƙiftawa. Da safiyar farko muna karyawa sai aka nuno wata yarinya tana tafiya ƙarƙashin itatuwa masu fure, iska tana kaɗa mata gashi, wata murya siririya tana tashi a hankali. Ba a ce komai ba, sai can ƙarshe aka nuna ɗan akwatin hoda. Kafin mu gama shayi an maimaita sau uku. Muka fita, ga waƙar a tashar jirgi, ga ta a kanti, ga 'yan makaranta suna rera ta a hanya. Na tambayi Jummai ko taken ƙasarsu ne.

Ta yi dariya ta ce tallar hodar kamfanin da ya gayyace mu ce. Wai a can, duk sauyin yanayi manyan kamfanonin kwalliya sai sun yi gasa. Kowanne ya nemo mawaƙi, a tsara masa sabuwar waƙa musamman don jan-baki ko hodar da za a fitar. In waƙar ta karɓu, 'yan mata su sayi faifan, su sayi hodar, mawaƙin da ba a san shi ba jiya ya wayi gari kowa na faɗin sunansa. Mahaifiyarta ta sa baki, Jummai tana fassarawa, ta ce ita da waƙoƙin nan take tuna shekarunta: wadda ake yi lokacin da ta fara aiki, wadda ake yi tana goyon Jummai. Har ta ɗan rera mana wata tsohuwa tana rufe baki da hannu.

Gwaggo da tun zuwanmu ba abin da ya burge ta sai ta gyara zama. Ta ce, "Mai waƙar ta ambaci sunan mai kamfanin?" Jummai ta ce a'a. "Ubansa fa? Garinsu?" A'a. "To me take cewa?" Jummai ta ce labarin wata ce da sanyi ya daɗe mata, tana tsaye a tasha, ta ƙudura yau za ta ɗaga fuska ta dubi wanda take so. Hodar ma ba a kira sunanta ba. Na ce wannan wace irin talla ce, mu da yarinya za ta cika unguwa da a sayi ƙuli a sayi mai. Gwaggo ta girgiza kai ta ce, "Ke ba ki san waƙa ba. Wannan ita ce gwana. Ba ta ce ka saya ba, ta sa ka ji kana rashin wani abu."

Daga ranar na shiga lura da ita. In waƙar ta taso sai in ga ɗan yatsanta yana bugun gwiwa, maƙogwaronta yana motsi, sai ta yi maza ta jawo carbi. A rana ta uku ta ce mini, ba tare da na tambaya ba, "Wajen can da take hawa, gaggawa take yi. Da ta ajiye numfashi ta ja shi, da ta kashe mutane." Na ce ta gwada mini yadda za a ja. Ta harare ni, na kama bakina.

Ran Litinin aka sa mana ganawa da kamfani. Ran Asabar Jummai ta ce mu je mu ga inda ake sayar da kayansu, wani kanti mai hawa tara, matakalarsa da kanta take tafiya. Muka tarar an kafa dandamali a tsakiya, mutane cike maƙil, an ja igiya. Ashe yarinyar talabijin ce da kanta za ta zo. Wallahi sai murna ta kama ni, kamar wata 'yar sakandare. Ta fito cikin farar riga, 'yar ƙarama, ba ta fi ƙanwata ta uku ba. Ta fara, muryar ta fi ta talabijin daɗi nesa ba kusa ba. Mutanen nan kuwa suka tsaya ƙiƙam, ba mai motsi, ba mai cewa uffan.

Gwaggo ta taɓo ni. "Uwani, wannan wane irin gari ne? Yarinya tana zuba murya haka, ba wanda zai tashi?" Na ce haka al'adarsu take. Ta ce, "Al'adar rowa." Na mai da hankalina kan dandamali. Da na waiwayo babu Gwaggo. Can na hango ta ta ɗaga igiya ta wuce ta ƙasa, tana kwance bakin zane, inda ta ƙulle takardar kuɗin da aka ba mu na kashewa. Masu gadi suna kallon matasa, ba wanda ya kawo tsohuwa a ransa. Ta hau matakala uku cikin natsuwa, ta je gaban yarinyar, ta manna mata takardar a goshi.

Kun san liƙi gumi yake so. Fuskar nan kuwa an shafe ta da hodar da ake talla, wadda aka ce ba ta barin maiƙo. Takarda ta zame ta faɗi. Gwaggo ta sunkuya ta ɗauka, ta sake mannawa, ta danna da babban yatsa, yatsan da shekara arba'in yana cikin man kaɗe. Takarda ta zauna. Sannan Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, hawa tara ɗin nan sai da suka amsa. Ni kuwa na ce ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya ba ni mamaki, yarinyar ba ta yanke ba. Idanunta sun yi waje, amma ta kai waƙarta ƙarshe da kuɗi a goshi.

Masu gadi da farar safar hannu suka kewaye mu, ba wanda ya taɓa mu, suka dai nuna hanya. Aka kai mu wani ɗaki a baya. Jummai ta yi fari fat, ta raɗa mini cewa matar da ke tsaye cikin baƙin kwat ita ce shugabar da za mu gani ran Litinin. Ga wasu maza uku a bayanta, fuska ba annuri. Jummai ta shiga sunkuyawa ba ƙaƙƙautawa. Ni kuwa matan Gude nake tunawa, da yadda suka rako mu bakin hanya da addu'a. Na tattaro ɗan Turancina da Hausa na ce a gaya musu, a wurinmu in mawaƙi ya yi abin kirki ba a barin sa ya sauka haka. Wanda ya tsaya kallo bai liƙa ba shi ne marar kunya. Gwaggo kuwa ko a jikinta, tana gyara mayafi.

Ana cikin haka yarinyar ta shigo, ga shaidar yatsa tana ƙyalli a tsakiyar goshinta. Ta riƙo takardar da hannu biyu ta miƙo wa Gwaggo. Gwaggo ta ɓata rai ta ce, "Ba a mai da liƙi. Gaya mata ta ci halaliyarta. Kuma gaya mata wajen hawan nan ta daina gudu, ba mai korar ta." Jummai ta fassara. Yarinyar ta buɗe baki, ta ce malaminta ma abin da yake faɗa mata ke nan kullum. Ta tambaya ko Gwaggo mawaƙiya ce.

Gwaggo ta ce, "Da."

Shugabar ce ta yi magana a karon farko. Ta ce su ba sa fitar da kaya sai da waƙa, shin man namu yana da tasa? Jummai ta sani sarai, ta sha yin amshi a Gude, amma ta fassara ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta haɗa hannu tana roƙo. Gwaggo ta dube ni. Na ce, "Gwaggo, gidajen biki ya ce. Nan ba gidan biki ba ne." Ta ce, "Ni kuma cewa na yi na bar waƙa. Magana zarar bunu ce." Na ji hawaye ya taho mini. Na ce, "Ni na kawo miki saƙon nan, kuma tun ranar ban ƙara jin daɗin raina ba. In laifi ne, a rubuta a kaina."

Gwaggo ta dubi yarinyar. Sannan ta nuna mazan nan da haɓa ta ce, "A fitar da waɗannan." Jummai ta rasa yadda za ta faɗa, don manya ne ƙwarai. Shugabar ta gane ba fassara, ta yi musu kalma ɗaya, suka sunkuya suka fita a jere, aka rufe ƙofa. Gwaggo ta ce ba a yin ta a tsaye. Ta jawo farantin da aka kawo shayi, ta durƙusa, ta naɗe hannun riga, ta fara buga tafin hannu a ciki yadda ake bugun mai. Muryar ta fito a shaƙe, ta tsaya ta yi gyaran murya, ta sake ɗauka.

Kaɗanya uwar marayu,
Ba a shuka ki, ba a yi miki ban-ruwa.

Ni da Jummai muka amsa: Taso, fari, taso.

Hannun Delu ya buga ya tafi,
Hannun Kande ya buga ya tafi,
Nawa ma yana kan hanya,
Wa zai karɓi kwano?

Taso, fari, taso.

A baiti na uku muryar ta buɗe, ta koma wadda na sani tun ina goye. Ta zo wajen hawa ta ajiye numfashi ta ja shi, ta ja, har na ji tsigar jikina ta tashi. Yarinyar ta durƙusa kusa da ita tana kama amshin da bakinta na Japan. Kafin a gama, sauran hodar ma hawaye ya wanke ta. Gwaggo ta share fuska da mayafi ta ce mata, "Kin ji yadda ake ja."

Shugabar ta ce a ba su izini su ɗauki waƙar nan a faifai, su sa ta a tallar man, za su biya da daraja. Ni har na fara lissafin kuɗin. Gwaggo ta ce, "Sunayen matattunmu ne a ciki, ba za su yi tallar kwalliya ba. Mai na kawo muku." Shugabar ta sunkuya, ba ta sake tayar da maganar ba. Ran Litinin suka duba man, suka yi mana tambayoyi har kaina ya yi ciwo, suka ce a fara aiko musu kaɗan na gwaji. Masu cewa mun dawo da buhun kuɗi, ga iyakar abin da aka yi.

A jirgin dawowa Gwaggo ta ƙi cin abinci. Na yi ta jan ta da hira, ta ce, "Me zan ce wa wancan?" Na ce daga ni sai Jummai muka sani, kuma ba mai faɗa. Ta ce, "Allah fa?"

Mun isa Gude bayan La'asar, gari ya fito kamar an dawo daga Hajji. Sai da 'yan sannu da zuwa suka ragu Sabi'u ya shigo, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki ya gai da ita. Gwaggo ta juya fuska bango, ko ruwa ba ta sha ba, ta ce, "Uwani, gaya wa wancan na karya magana. Na yi waƙa a garin mutane." Ga shi ga ta, taku uku tsakaninsu, amma na juya na maimaita masa.

Ya ce, "Uwani, tambayi Inna, wacce ta yi?"

Na ce ta bugun mai, kuma sai da ta sa aka fitar da maza.

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Gaya wa Inna ni gidajen biki na ce. Duk ranar bugun mai sai in zo in zauna a zaure, ba na jin komai sai ƙarar kwano. Sai in ce fushi take yi da ni."

Gwaggo ta ce, "Gaya masa fushin nake yi."

Ya ce, "Gaya mata ta yafe mini."

Na buɗe baki zan isar, ta ɗaga mini hannu. Ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da nake, ta ce masa da bakinta, "Tashi ka koma zaure. Ta mata ce."

Ya miƙe ya fita, ko takalminsa bai tsaya sawa ba. Gwaggo ta ce in miƙo mata kwano. Ba ta kai ƙarshen baiti na biyu ba amshi ya taso daga gidan maƙwabta ta saman katanga.